Tumaki da aladu a bayan gida ɗaya: a haɗa su ko a raba?

Maman Tagwaye, Zonkwa: Salama gare ku 'yan zaure, barkanmu da aiki. Ina da tambaya, kuma ina roƙon waɗanda suka san kiwo su amsa mini tsakani da Allah. A bayan gidana ina da tumaki bakwai 'yan Yankasa, huɗu mata, sai raguna uku da nake so su yi ƙiba kafin Babbar Sallah. Ina kuma da aladu, uwa biyu da 'ya'yansu. Yanzu dai kowa da wurinsa, amma rumfar tumakin ta ciyawa ce, ta ruɓe, ga damina na tafe. Ɗakin aladun kuwa na bulo ne da rufin kwano, kuma akwai ɗaki ɗaya a ciki da babu kowa tun da na sayar da na bara. Ɗana ya ce mu mai da tumakin can mu huta da sayen kwano. Ya kuma ce tunda abincin buhu na aladu yana sa ƙiba da sauri, mu riƙa ɗibar wa ragunan a ciki, ba sai mun nemi dusa daban ba. Hankalina bai kwanta ba. Kiwon nan da shi nake biyan kuɗin makarantar jikokina, ba zan iya yin caca da shi ba.

Likita daga Bukuru: Mama barka da ƙoƙari. Kafin a shiga maganar ɗaki, don Allah kada ko cokali ɗaya na abincin buhun nan ya shiga bakin ragunanki. Masu haɗa abincin aladu suna zuba sinadarin jan ƙarfe da gangan, domin yana taimaka wa alade girma, musamman ƙanana. A jikin takardar buhu za ki ga alamar Cu. Abin da tunkiya ke bukata a kilo ɗaya na abinci bai wuce wajen miligiram 10 ba, a ƙasashen Turai ma doka ta tsayar da 15 a matsayin iyaka ga tumaki. Abincin ƙananan aladu kuwa sau da yawa ya haura 100. Alade yana ɗauka lafiya lau. Tunkiya ba ta iya fitar da shi yadda ya kamata, sai hantarta ta yi ta tarawa. Abin da ya sa wannan ya fi ba ni tsoro shi ne ba a ganin komai da farko. Rago zai yi ta ci, ya yi sheƙi, ki ji daɗi. Sai ranar da ya sha wata wahala, ko doguwar tafiya a mota, ko zafin rana a kasuwa, ko canjin abinci, hantar ta saki abin da ta tara cikin jini gaba ɗaya. Zai ƙi ci, farin idonsa da dasashinsa su koma rawaya, fitsarinsa ya yi ja mai duhu, cikin kwana ɗaya zuwa uku ya tafi. In an kai nan magani bai cika yin aiki ba.

Ɗan Kafanchan: Likita ina gaisuwa, amma ka bar ni in yi gardama kaɗan. A unguwarmu kusan kowane gida akwai alade akwai tunkiya. Ana zuba wa aladu abinci, tumaki su zo su sa baki, kuma ban ga suna faɗuwa ba. Ko dai wannan matsalar turawa ce da tumakinsu?

Likita daga Bukuru: Ɗan'uwa, me ake zuba wa aladun unguwarku?

Ɗan Kafanchan: Yawanci dusar burukutu ce da dusar masara, sai ɓawon rogo da ɓawon doya da ganyen dankali.

Likita daga Bukuru: To ka ga amsar kenan. Babu wanda ya zuba jan ƙarfe a dusar burukutu. Mama maganar abincin kamfani take yi, wanda aka haɗa da garin sinadarai. Kuma ko a unguwarku, in tunkiya ta mutu da rawayar ido, ciwon shawara za a ce, ba wanda zai fede ta ya duba hanta da ƙoda. Haka abincin kaji na buhu, da kashin kajin gona da wasu ke ba dabbobi, da dutsen lasa da aka yi domin shanu, duk a yi hattara da su wajen tumaki.

Ɗan Kasuwa, Funtuwa: Assalamu alaikum. Ni gaskiya ban ji daɗi ba. Na shigo zauren nan ne domin kiwon halal, sai ga shi tun safe ana ta ambaton wannan dabba. Ba za a iya kai zancen wani wuri ba?

Shugaban zaure: Wa alaikumus salam Alhaji. Na fahimci damuwarka, ni ma ba na ci ba na kiwo. Amma tun da aka buɗe zauren nan an rubuta cewa na ƙananan makiyaya ne masu jin Hausa, kuma a cikinmu akwai mutanen Kudancin Kaduna da Filato da Taraba da Adamawa, Musulmi da Kirista. Mama ba ta ce kowa ya ci ba, ba ta ce kowa ya saya ba. Ragunan da take tambaya a kansu ma, in ka duba, gidan Musulmi za su ƙare ranar layya. Ina ganin mu ne muka fi kowa bukatar a ba ta amsa mai kyau. Wanda zancen bai yi masa ba ya wuce shi, amma ba za a goge ba.

Ɗan Kasuwa, Funtuwa: Shi ke nan ranka ya daɗe. Amma ina nan kan cewa ni ba zan sayi ragon da ya kwana ɗaki ɗaya da su ba.

Hajiya Mai Raguna, Zariya: Wannan maganar ta Alhaji ita ce ya kamata 'yar'uwata ki riƙe, domin ba shi kaɗai ba ne. Masu sayen ragon Sallah da yawa haka zuciyarsu take.

Baban Gona, Kagoro: 'Yata, ni na tsufa cikin kiwon duka biyun, bari in faɗa miki abin da ya shafi ɗakin. Alade dabba ce mai son ruwa. Ba ya gumi yadda zai huce, saboda haka in rana ta yi zafi dole ki jiƙa shi ko ki jiƙa daɓen, kuma kullum sai an wanke ɗakin. Tunkiya kuwa babu abin da ta ƙi jini irin danshi. Ki ajiye ta a daɓe mai laima wata ɗaya a damina, za ki ga ta fara ɗingishi, tsakanin kofatonta ya ruɓe yana wari, ga tari ga majina. Ruwan wankin ɗakin aladu ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya, zai bi ƙarƙashin ƙofa ya shiga. Sannan akwai abin da matasa ba su sani ba sai sun gani: uwar alade mai shayarwa, in ta sami ɗan tunkiya sabon haihuwa, jikinsa da jini da mahaifa, cinye shi take yi. Ba mugunta ba ce, halinta ne, tana cin nama. Kin ce kina da mata huɗu. In ɗaya ta haihu da dare kuma akwai kafar da jinjirin zai bi, da safe ba za ki same shi ba. Ɗakin da ya rage ki bar shi domin aladun. Za ki bukace shi ranar da za ki yaye 'ya'yan, ko ranar da ɗaya ya yi ciwo kina so ki ware shi.

Maman Tagwaye, Zonkwa: Baba na gode, Allah ya ƙara girma. Maganar ɗan tunkiya ta kama ni, domin biyu cikin matan suna da ciki. To amma ragunan fa? In ba abincin buhu ba, da me zan ciko su a ɗan lokacin da ya rage? Dusa ta yi tsada a nan, harawa kuma ba mu da ita da yawa irin ta ƙasar Kano.

Mai Turke, Wudil: Mama, wannan fannina ne, bari in yi miki dalla-dalla. Ƙiba ba daga buhu take fitowa ba, daga tsari take. Da farko ki ba su maganin tsutsar ciki, domin rago mai tsutsa ko me kika zuba masa rabi na tsutsa ne. Ki duba jikinsu ko akwai kaska ko ƙwarƙwata. Sannan ki ɗaure kowanne a turkensa cikin inuwa, kada su yi ta karo da juna suna zubar da abin da suka ci. Da safe harawa tukuna, ta wake ko ta gyaɗa, sai cikinsu ya ɗan ɗauka kafin a kawo dusa. Dusar ki dama ta da ruwa kaɗan, ki haɗa da kowar wake in akwai, da ɗan ƙuli-ƙuli da aka daka ko angurya. Kada ki fara da yawa. Rago da bai saba ba in ya cika ciki da dusa ko hatsi rana ɗaya, kumburi zai yi, wani ma ya mutu a turke. Kullum ki ƙara kaɗan har sati biyu. Ruwa kuma kada ya yanke a gabansu. Mu nan muna jiƙa kanwa mu zuba musu, tana buɗe musu ciki su ci da kyau. Wata uku na irin wannan ya isa rago ya canja kama. Sai dai ki sani Yankasa ba zai kai Balami ko Uda girma ba ko me aka ba shi, amma ya fi su jure ƙasarku mai ruwa, kuma mai ƙaramin ƙarfi shi yake nema a kasuwa. Game da harawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Mu da kaka muke saye mu ɗora a kan rufi ko bishiya, lokacin da take arha. Bana ki yi maneji da ganyen gyaɗa da na dankali da kika samu, ki shanya su su bushe, baɗi kuma ki tara da wuri.

Likita daga Bukuru: Malam ya yi bayani mai kyau, wuri ɗaya kawai zan tsaya, wato kanwa. Ragon da ake turkewa da dusa zalla yana yawan samun tsakuwa a mafitsara. Dusa tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, harawa ce ke daidaita su. In tsakuwar ta toshe hanya za ki ga rago yana nishi, yana miƙa jiki, fitsari na ɗiga ko ya tsaya cak. Kanwa mai yawa tana sa irin wannan tsakuwar ta fi saurin haɗuwa. Gishirin girki ya fi aminci, yana sa shi shan ruwa ya yi ta fitsari.

Mai Turke, Wudil: Likita, kakannin kakanninmu da kanwa suka yi kiwo. Fulani har tafiya suke yi da shanu neman ta.

Likita daga Bukuru: Haka ne Malam, kuma ban ce a daina ba. Amma dabbar da ke yawo a daji tana cin ciyawa daban take da ragon da aka ɗaure ana ɗura masa dusa safe da yamma. Kaɗan, jefi-jefi, babu laifi. Kullum da yawa ne nake tsoro.

Mai Turke, Wudil: To a kan kaɗan mun haɗu. Ni dai ba zan bar ta ba.

Likita daga Bukuru: Tunda an ambaci angurya, Mama ki lura da ɗaya gefen kuma. Yadda abincin aladu ke kashe tumaki, haka angurya ke cutar aladu. Akwai wani dafi a cikinta da babbar tunkiya ke iya jurewa saboda tumbinta, alade kuwa cikinsa ɗaya ne, yana taɓa masa zuciya da huhu. 'Yan tumaki ƙanana ma da tumbinsu bai gama ƙwari ba a hana su. Kwano daban, buhu daban, wurin ajiya daban. Ɓawon rogo kuma sai an shanya ya bushe sosai kafin a ba kowannensu.

Ɗan Kafanchan: Ni in da Mama za ta ji tawa, ta sayar da tumakin gaba ɗaya ta ƙara uwa ɗaya ko biyu. A yi lissafi mana. Tunkiya wata biyar take ɗauke da ciki ta haifi ɗaya, in an yi sa'a biyu. Alade wata uku da sati uku da kwana uku, ta zubo takwas ko goma, wani lokaci sha biyu, kuma sau biyu a shekara. In an yi musu allurar ƙarin jini a kwanakin farko aka kula kada uwar ta kwanta a kansu, yawanci suna tashi. Cikin wata bakwai ko takwas sun isa kasuwa. Ga kasuwar aladu ta Katsit nan kusa da ita, duk Alhamis manyan motoci na zuwa daga kudu suna lodi. Rago kuwa sai ka jira Sallah ko suna. Me ya sa mutum zai wahalar da kansa da abin da ke haihuwar ɗaya?

Hajiya Mai Raguna, Zariya: Ɗana, ka lissafa haihuwa ba ka lissafa baki ba. Goman nan da ta zubo, me za su ci? Ni ban taɓa kiwonsu ba, amma na san abincinsu masara ne da waken soya da dusa, wato abin da mutum da kaza ke rububi a kai. Tunkiya kuwa ciyawar bakin hanya da karan gona da ɓawon wake ta mai da su nama. Ranar da ba ni da ko sisi, yaro zai fita da lauje ya yanko ciyawa, tumakina su kwana da ƙoshi. Kuma ba gaskiya ba ne sai Sallah. Duk sati ana haihuwa a gari, duk haihuwa ana neman ragon suna. Mu mata tunkiya ita ce asusunmu. Da ita na yi wa 'ya'yana mata kayan ɗaki, ɗaya bayan ɗaya. In ciwo ya taso tsakar dare, kafin azahar na sayar da ɗaya na biya asibiti. Yankasa in ta samu kulawa tana haihuwa sau uku a shekara biyu, ba ta jiran wani lokaci na shekara. A hankali take tafiya amma ba ta cika kayar da mai ita ba.

Baban Gona, Kagoro: Hajiya ta faɗi rabi, bari in cika. Yaro, ba ka ga zazzaɓin aladu ba shi ya sa kake magana haka. Cutar nan ta shigo Najeriya a 1997, tun daga nan ba ta fita ba, lafawa kawai take yi ta dawo. A 2020 ta shiga Oke-Aro, babbar unguwar masu kiwon aladu da ke iyakar Legas da Ogun, ta kashe dubbai masu yawa, mutane suka wayi gari ba jari. Mu ma nan ta sha ratsa ƙauyukanmu. Alade zai ƙi ci, jikinsa ya yi zafi, kunnuwa da ciki su yi ja, kafin sati ɗakin ya zama kango. Ba ta da magani, ba mu da rigakafinta. Lokacin da ta shigo mana, waɗanda suka farfaɗo da wuri su ne masu 'yan tumaki da awaki a gefe, domin ba ta kama su. Suka sayar da rago suka sayi 'yan aladu bayan an daɗe da wanke ɗaki. Waɗanda suka zuba komai a wuri ɗaya, wasu har yau ba su koma kiwo ba. Kada ka ba mai ɗauke da nauyin jikoki shawarar ta tsaya da ƙafa ɗaya.

Ɗan Kafanchan: Baba na ji, kuma ban raina ba. Amma tumaki ma ai suna da tasu annobar.

Likita daga Bukuru: Suna da ita, PPR, mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo. Bambancin shi ne tana da rigakafi, a nan cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ake yin ta, kuma ba ta da tsada. Shi kuwa zazzaɓin aladu katanga ce kaɗai maganinsa. Mama, kada ki bar dillali ya shiga ɗakin aladunki da takalmin da ya zaga gidaje da shi, ki fito masa da wanda zai gani waje. Kada ki karɓi ragowar abincin gidan biki ko na gidan sayar da abinci ki zuba musu, ƙwayar cutar tana daɗewa da rai a cikin nama. Wanda kika kai kasuwa bai sayu ba, kada ya koma cikin 'yan'uwansa kai tsaye. Aron namiji domin barbara ma hanya ce babba. Kin ga wani amfanin ɗakin nan da Baba ya ce ki bari.

Malamin Unguwa, Saminaka: Assalamu alaikum. Na karanta duka, ina so in koma kan abin da Alhaji na Funtuwa ya faɗa, domin kada a bar shi a matsayin ƙyama kawai. A fiƙihu akwai abin da ake kira jallala, dabbar da mafi yawan cinta najasa ne. Hadisi ya zo da hani a kan namanta da nononta, malamai kuma sun saɓa kan ƙarfin hanin, da yawa suka ce a tsare ta a ba ta abinci mai tsabta na wasu kwanaki. Ragon da ke cin harawa da dusa a turkensa bai zama jallala ba don kawai maigidansa yana da wata dabba a bayan katanga. A mazhabar Malikiyya da muke bi ma, duk mai rai jikinsa mai tsarki ne muddin yana raye, kashin abin da ba a cin namansa shi ne najasa. Saboda haka ba zan ce wa kowa layyarsa ba ta yi ba. Sharuɗɗan da aka sani su ne shekaru, da kada ya zama mai ido ɗaya, ko gurgu, ko mara lafiya, ko ramamme. Amma hukunci daban, natsuwar zuciya daban. Mutum ya tara kuɗinsa shekara guda domin ibada, yana da haƙƙin ya san abin da yake saye. In an haɗa su ɗaki ɗaya suna taka kashi ɗaya, sannan aka ɓoye masa, an cuce shi ko da naman halal ne.

Ɗan Kafanchan: Malam, da girmamawa, a kasuwa wa yake tambayar inda rago ya kwana? In ka ce sai an faɗa, dillalai za su karya mata farashi ne kawai. Su saya da arha, su kai Abuja su sayar da tsada, kuma can ba za su faɗa wa kowa ba. Ita ce za ta yi asara saboda gaskiyarta.

Malamin Unguwa, Saminaka: Ban ce ta ɗauki lasifika ba ɗana. Na ce ta raba su rabuwa ta gaskiya, yadda in an tambaye ta za ta amsa ba tare da ta sunkuyar da kai ba.

Maman Tagwaye, Zonkwa: Bari in sa baki a nan, domin ni abin ya shafa. Ba dillali nake sayar wa ba. Masu sayen ragunana maƙwabta ne, akwai mai shagon da nake karɓar bashin dusa a wurinsa, akwai Fulanin da nake sayen nono a hannun matansu. Sun san abin da ke bayan gidana, ba a ɓoye yake ba, ana jin kukansu daga hanya. Suna zuwa ne domin sun ga tumakin a gefensu daban, da kwanonsu daban. Ku da ke nesa kuna jin labarin ƙasarmu a rediyo lokacin da abu ya ɓaci, kun san abin da muka sha. Wannan ɗan cinikin da ke tsakaninmu ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Abin da Likita ya faɗa shi ya fi tayar mini da hankali: in ba rago abincin nan, ya yi kyau a hannuna, in karɓi kuɗin mutum, ya je ya faɗi a gidansa ana jibi Sallah. Da wane ido zan dube shi? Ɗana ba mugun nufi gare shi ba, tsadar kwano ce ta sa shi wannan tunani, kuma zan nuna masa duk abin da kuka rubuta.

Ɗan Kasuwa, Funtuwa: Mama, in haka kike yi, ban da ta cewa. Allah ya sa albarka a tumakin.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga Nijar. Mama ki riƙe ragunanki da kyau, kada ki yi saurin saki. A 2025 gwamnatinmu ta hana fitar da dabbobi waje gab da Tabaski, wato Babbar Sallah, kasuwannin iyaka irin su Maigatari da Mai'adua da Illela suka ji a jikinsu. Ga kuɗin mota da ya hau tun da aka cire tallafin mai a wajenku a 2023. Duk wannan yana ƙara wa ragon da aka kiwata kusa da mai saye daraja, tunda ba a biya masa doguwar hanya ba.

Hajiya Mai Raguna, Zariya: To a koma kan rumfa, domin har yanzu ba a gyara ta ba, ruwa kuma ba zai jira mu ba. 'Yar'uwata, tumaki ba sa bukatar bulo. Abin da suke so rufin da ba ya yoyo, ƙasa busasshiya, da iska. Ki sa a ɗebo jar ƙasa a tayar da daɓen ya fi tsakar gida tudu da kamar taki ɗaya, a daddaɓe, a ja 'yar kwata a zagaye. Ginshiƙai na itace sun isa. Tsohon kwano ake nema wurin masu rushe gini, a toshe hudojin da kwalta. In ma ciyawar ce, sabuwa da aka yi wa jinka mai tsini tana kai damina biyu. Gefen da ruwa ke bugowa kawai za ki kare da zana. Ki riƙa share kashin kullum kina tarawa, ki watsa toka a ƙasa.

Baban Gona, Kagoro: Kuma ta kasance ta sama da ɗakin aladu, ba ta ƙasa ba, yadda ruwan wanki zai gangara nesa da su. Takin ma ki raba. Na tumaki ya tafi gonar gyaɗa da wake da za ki samu harawa. Na aladu ki tara a rami ya ruɓe sosai, ki kai wa masara ko citta.

Likita daga Bukuru: Baba ya yi daidai, kuma akwai dalili. Yawancin jan ƙarfen da alade ya ci a kashinsa yake fita. In ana zuba shi shekara da shekaru a filin da tumaki ke kiwo, suna iya ɗauka daga can. Abu na ƙarshe daga gare ni: matan nan biyu masu ciki, kada a ba su maganin tsutsa na albendazol in cikin sabo ne, yana iya taɓa ɗan. Ki sa ma'aikacin dabbobi na kusa da ke ya duba su kafin a ba su komai. An yi musu rigakafin PPR kuwa?

Maman Tagwaye, Zonkwa: Manyan an yi musu, ragunan uku da na saya daga baya ba a yi ba. Matsalar ita ce kwalba ɗaya ta dabbobi masu yawa ce, ba wanda zai buɗe ta saboda uku.

Likita daga Bukuru: Haka ne, kuma in an haɗa ta da ruwanta sai an gama da ita cikin ɗan lokaci, tana cikin ƙanƙara. Ki zaga maƙwabta masu tumaki da awaki, har da Fulanin nan da kika ambata, ku tara dabbobin ku raba kuɗin. Sai a yi da sassafe, kowa ya riƙe nasa a ƙofar gidansa ma'aikacin ya bi su, kada a gwamutsa garke da garke.

Ɗan Kafanchan: Mama in kun sa rana ki sanar a nan. Ƙanwata tana aure kusa da ku, tana da awaki biyar da ba a taɓa yi musu ba, zan ce ta zo ta same ki a sa da nata a lissafi.